Baba ya ce yana da 'yar da aka tafi da ita a 1969, Yaya ya ce gigin tsufa ne

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya, ya iyali? Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi ta ƙasar Ghana, ina da aure da 'ya'ya uku, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Mahaifinmu ya haura shekara 80, tsohon ɗan goro ne. Da can mutum ne mai shiru, in ya dawo daga masallaci sai carbinsa da rediyonsa. Tun da Allah ya yi wa Mma rasuwa bara bakinsa ya buɗe. Labarin ƙungiyar ƙwallon Kotoko, labarin yunwar 83, labarin ɗaurin huhun goro, yau ya ba ka gobe ya sake ba ka, har jikoki sun haddace, suna riga shi ƙarasawa suna dariya. Ni kaina, Allah ya gani, wani lokaci gajiya nake yi.

Watan jiya ina ba shi koko bayan asuba sai ya ce mini kafin ya auri Mma yana da mata, 'yar wani Basakkwace mai saukar da fataken goro, har ta haifa masa 'ya mace. Da aka yi korar baƙi ta zamanin Busia surukin nasa ya kwashe iyalinsa kaf, har da matar da jaririyar a goye, ya ce in ƙura ta lafa za su dawo. Ba su dawo ba. Wasiƙa biyu ya samu, daga nan shiru. Yana faɗa yana hawaye, ni kuwa ko ranar jana'izar Mma ban ga hawayensa ba.

Na faɗa wa Yaya, babbanmu. Ya ce gigin tsufa ne, in daina biye masa, kuma kada in kuskura maganar ta fita, don gobe wasu za su taso daga Najeriya su ce suna da rabo a gidan. Ƙanenmu da ke Jamus shi kuma ya ce in ɗauki muryar Baba a waya ba da saninsa ba, in tura masa ya sa a Facebook a yi cigiya. Baba kuwa kullum na shiga ɗakinsa sai ya bi ni da ido, kamar yana jira in tambaye shi. Hajiya, yaya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya jiƙan Mma, ya sa ta huta, ya ba ku haƙurin rashinta. Ke kuma Allah ya yi miki albarka.

Ki tambaye shi. Dattijon da ya danne magana a cikinsa sama da shekara 50, sannan ya duba 'ya'yansa ya zaɓi ɗaya ya faɗa mata, ba abokin hira yake nema ba. Amana ce yake son saukewa tun yana da sauran numfashi, kuma ke ya ga za ki iya kama masa. Abin da ya rage shi ne yadda za ki yi hakan ba tare da kun ɓata da 'yan'uwanki ba.

Ku da kuka taso daga baya ba ku san abin da korar nan ta yi wa Zango ba, don waɗanda suka gani da idonsu ba su cika son tayar da zancen ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dakta Busia, wadda ba ta daɗe da hawa ba, ta ba da sanarwar cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar nan cikin mako biyu. A cikin azumi aka yi wannan, wa'adin ya cika tun ba a ga watan Sallah ba. To wa ke da takarda a lokacin? Mutumin da kakansa ya zo da ayarin jakuna tun kafin Bature ya ja iyaka, wa ya taɓa ce masa ya je neman izini? Haihuwa a Kumasi ma ba ta wanke mutum ba, asalin iyaye ake dubawa. Aka yi ta sayar da gidaje da shaguna da kekunan ɗinki a kuɗin banza, wasu maƙwabci kawai suka miƙa wa mabuɗi. Manyan motoci suka yi ta jigila zuwa Aflao, a keta Togo da Dahomey, wasu kuma jirgin ruwa ya kai su Legas ta Najeriya, ƙasar da ita kanta ba ta fita daga yaƙin basasa ba sai a Janairun 1970. Dubban ɗaruruwan mutane ne suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da mutanen Togo. Bayan sojoji sun kifar da Busia a Janairun 1972 wasu sun lallaɓo sun dawo, da yawa kuwa can suka kafa sabuwar rayuwa, can aka binne su.

Saboda haka labarin Babanki ba baƙon labari ba ne. Ki duba matsayinsa a lokacin: yaro ne ɗan shekara 20 da 'yan kai, surukinsa kuma mai masaukin fatake, ba mamaki shi ne ma maigidansa a harkar goron. Irin wannan yaron ba ya buɗe baki ya ce wa suruki a'a, bare ana cikin tashin hankali, 'yan sanda na bin unguwa suna tambayar takarda. Ya bari an tafi da su yana ganin wata biyu ne ko uku. Ni ina ganin abin da ke cinsa ke nan, cewa bai bi su ba. Shirun da ya yi duk shekarun nan kuwa kara ce ya yi wa Mma. Mazan wancan zamani ba sa zancen matar fari a gaban ta biyu. Kuma kada ki yi mamaki in kika gano Mma ta sani tun ranar da aka kawo ta gidan, ita ma ta yi masa tata karar.

Maganar gigin tsufa ba zan watsar da ita don Yayanki ne ya faɗe ta cikin fushi ba, a duba ta. Maimaita labari shi kaɗai ba ruɗewa ba ne, musamman ga wanda abokiyar zamansa ta tafi ta bar masa ɗaki shiru. Abin lura wani ne daban. Yana mance ya ci abinci ya ce an hana shi? Yana ɓata a hanyar masallacin da ya shekara 40 yana bi? Raka'o'in salla suna rikice masa fiye da da? Yana ajiye kuɗi ya mance ya ce an sace? Yana kiranki da sunan Mma kuma ya tsaya a kan ke ce ita? In akwai irin waɗannan, a kai shi asibiti, ko na kusa da ku ko Komfo Anokye, katinsa na inshorar lafiya dai a tabbata an sabunta, wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin shekara. In kuma kika ga tsoho ya rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ba jira ake yi ba, sau da yawa ciwon mafitsara ne ko sukari ko hawan jini ko wani magani da yake sha, kuma ana warkewa. Amma ki riƙe wannan: ko da mantuwa ta fara kama mutum, abin da ya faru jiya take fara ci, na ƙuruciya shi ke daɗewa daram. Tsohon da ba zai iya gaya miki abin da ya ci da rana ba yana iya lissafa miki mutanen da suka halarci ɗaurin aurensa. Don haka ko likita ya ce akwai 'yar mantuwa, wannan bai ƙaryata labarin ba. In kuwa ya ce hankalinsa garau yake, kin samu abin da za ki nuna wa Yaya, kuma zai yi amfani nan gaba in an zo maganar shaidu.

Kafin ki sake tunkarar Yayanki, ki nemi tabbaci a hankali, ba da gayya ba. Aure a Zango ba a ɓoye ake yinsa ba. An raba goro, an yi wanka da lalle, an yi suna an yanka rago, wanzami ya yi aski. Akwai wanda ya gani kuma yana raye. In kuna da gwaggo, ita ce ta farko. In babu, aminiyar Mma, ko tsofaffin da Baba ke zama da su a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ki je da ɗan goronki ki gaishe su kamar yadda kika saba, ki ce Baba yana yawan zancen lokacin Busia, wai ku a ina kuke a lokacin? Ki yi shiru ki ji. Tsohuwar da ta sani ba za ta iya haɗiyewa ba, za ki ga ta dube ki ta ce, "Au, ya gaya miki?" Sannan wasiƙun nan biyu. Mutumin da ya riƙe adadinsu har yau, da wuya a ce ya yar da su. Ki roƙe shi ku buɗe adakarsa tare, inda yake ajiye tsofaffin rasiɗai da fasfon hajji da hotuna. Ba mamaki da ajami aka rubuta su, sai ki nemi malamin da kuka amince da shi ya karanta. Ki duba ambulan da kyau, hatimin gidan waya yana ɗauke da sunan gari da kwanan wata.

Yanzu Yayanki. Kada ki ɗauke shi mugu. Tsoronsa na 'yan damfara gaskiya ne, mun sha ganin gidan da ake zaman makoki sai ga baƙo da jaka ya ce shi ma ɗa ne. Amma akwai abin da bai faɗa ba. Shekara nawa yana amsa sunan ɗan fari? Shi ake kira in abu ya taso, shi ke zama kusa da liman in ana ɗaurin auren gidan. Rana ɗaya ƙanwarsa ta zo ta ce masa akwai wadda ta riga shi, kuma ba shi Baba ya fara gaya wa ba. Wannan na biyun ma ya fi yi masa zafi. Don haka kada ki sake kai masa maganar da bakinki, daga gare ki ba za ta shiga ba. Ki ce wa Baba, "Baba, wannan magana ta fi ƙarfina ni kaɗai, ka kira Yaya ka gaya masa da kanka." In Baba yana jin nauyi, a sa baffanku ko kawunku ko limamin unguwa ya zauna a tsakani. Ɗa yana iya ce wa ƙanwarsa ƙarya ne, amma da wuya ya dubi idon mahaifinsa yana hawaye ya ce masa gigi kake yi.

In an zauna, a fito da maganar gadon fili, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. 'Yar da aka haifa a cikin aure 'ya ce, ko tana Sakkwato ko tana bangon duniya, nisa da daɗewa ba sa soke nasaba. In tana raye ranar da Baba ya cika, tana da rabonta daidai da naki, wato rabin na ɗa namiji. In ta riga shi rasuwa ba ta da gado, 'ya'yanta ma ba sa gadonsa alhali ga ku, sai dai Baba yana da ikon yi musu wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba. In kuma an nema ba a san ko tana raye ko ta mutu ba, malamai suna da hukuncin wanda ya ɓace, a ware rabonsa a ajiye har a samu bayani. Ita matar kuwa, ko igiyar auren ta yanke ko yaya aka yi, Baba ne zai faɗa wa malami, ba aikinku ba ne. Dokar ƙasa ma ba ta ba Yaya mafaka ba: dokar gado ta 1985, wadda aka fi sani da lamba 111, da ke aiki a kan wanda ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, duk 'ya'yan mutum take lissafawa. To ki ce a tambayi Yaya, wanne ya fi masa kwanciyar hankali? Baba ya faɗi sunan matar da na ubanta da alamomin da za a gane 'yar, a gaban shaidu biyu, a rubuta ya sa hannu tun yana raye, ko kuwa a rufe bakinsa, bayan ransa wani ya zo da labari ba wanda zai iya gaskatawa ko ƙaryatawa? Rubutun nan shi ne maganin ɗan damfarar da yake tsoro. Hakkin wani kuwa in ya shiga gini, ba a jin daɗin kwana a cikinsa, wannan Yayanki ya sani ba sai na gaya masa ba.

Shawarar ƙanenki kuwa, a'a. Na san zumuɗi ne da kewar gida, wanda ke Turai komai yana son ya ga an yi shi yau. Amma ɗaukar muryar mahaifi a ɓoye yana kuka cin amana ne, kuma ranar da ya ji muryarsa na yawo a wayoyin 'yan unguwa, ya rufe bakinsa ke nan har abada. Ga kuma wata: duk bayanin da aka zuba a Facebook an ba maƙaryaci amsar jarrabawa. Cikin mako guda za ku samu mata biyar kowacce ta ce ita ce. In ƙanen naki yana son taimako, ya tanadi kuɗin motar wanda za a aika, ya kuma riƙa kiran Baba ranar Juma'a ya saurare shi.

Ɗaukar murya kanta ba laifi ba ce, ina ma goyon bayanta, da izininsa. Ki ce masa, "Baba, kaina ba ya riƙe sunaye, ka yarda in ajiye waya ta riƙe mana?" In ya ƙi, littafi da biro sun isa, ki rubuta da zarar kin fito. In ya yarda, ki kashe kira, ki kife wayar a gefe inda ba za ta tsone masa ido ba. Kada ki wuce rabin awa, tsoho yana gajiya ko bai faɗa ba. Abin da kika ɗauka ki ajiye shi wuri biyu, don waya ɗaya a cunkoson Kejetia ba ma'ajiya ba ce.

Lokacin da ya zaɓa da kansa, bayan asuba, shi ne lokacin. Gida shiru, kansa a sake, yara ba su tashi ba. Ki zauna ƙasa kusa da shi, ba a tsaye da mayafi a kafaɗa kina duba agogo ba. Kuma kada ki ce masa, "Baba yaya ka ji a ranka?" Mutanenmu na da ba a yi musu wannan tambayar, zai ce miki "sai haƙuri" ya ja carbi. Ki tambaye shi abin da ido ke gani. A wace unguwa gidan surukin yake, Yalwa ko Alabar ko tsohon Zango? Wa ya yi masa walicci? A ina motar ta tsaya ranar tafiyar, wa ya ɗora kayan? Me ya ba ta ta riƙe a hanya? Daga irin waɗannan ƙananan tambayoyi sauran ke biyowa da kansu. In ya yi shiru kada ki cike masa shirun, in ya yi kuka kada ki ce ya daina, ki miƙa masa ruwa kawai.

Shekaru kuma kada ki tambaye shi da lamba, tsofaffinmu da abin da ya faru suke ƙirga. Sadakin da fam da sule aka biya ko da sidi? Sidi, kuɗin Ghana, ya shigo a 1965. An ɗaura auren Nkrumah na kan mulki ko bayan an kifar da shi a Fabrairun 1966? Tunda mai son ƙwallo ne, ki tambaye shi ko an yi sunan yarinyar kafin rasuwar Baba Yara, shahararren ɗan ƙwallon Kotoko, ko bayanta, wannan a watan Mayun 1969 ne, kin ga kin kusa samun watan haihuwarta. Wasiƙar ƙarshe ta zo kafin rasuwar Sarkin Asante Prempeh na biyu a 1970, ko sai wajen lokacin da aka mayar da tuƙi hannun dama a 1974? Da haka za ki jera labarin, kuma da haka za ki ga ko yana tsayawa a kan magana ɗaya. Abin da za ki fi buƙata in an zo nema shi ne cikakken sunan surukin da laƙabinsa, garinsu na asali da unguwa, sunayen 'yan'uwan matar maza, da fataken da ke sauka a gidansa. Mace aure na ɗauke ta ya kai ta wani gari, sunan gidan ubanta ne ke zama wuri ɗaya.

Neman kansa ta hanyar da aka ɓata za a bi, wato hanyar goro. Har gobe 'yan goro na zirga-zirga tsakanin nan da Agege da kasuwar Mariri ta Kano da Sakkwato, kuma sun san gidajen juna kaka da kakanni. Ga fadar Sarkin Zango, ga almajiran zawiyoyi da ke zuwa maulidi ƙasa zuwa ƙasa. Dattijo ɗaya mai mutunci da zai yi tambaya a inda ya dace ya fi cigiya dubu. A ba shi sunan gidan, a riƙe wasu alamomin a nan, wanda ya ce shi ne sai ya faɗe su da bakinsa.

Bari in koma kan labaran da kika ce sun gundure ki, don a wurina ba su rabu da wannan ba. Wanda ya ga ana dariya in ya kawo ƙaramin labari, yana auna ko za a iya riƙe masa babba. Dariyar jikokin ba ta dame ni sosai ba, tsakanin jika da kaka ai wasa ne, shi ma in ya samu dama zai rama. Abin da za ki hana shi ne raini, kamar a tashi a bar shi yana tsakiyar magana, ko a toshe kunne da waya a gabansa. Kuma maimakon ki yi musu tsawa, ki ba su aiki. Ki sayo ƙwaryar goro ɗaya, ɗari cif, ki zube a faranti a gabansa ki ce ya koya musu. Za ki ga hannun nan da ke rawa ya natsu. Zai ware musu marsa daga minu, ya nuna musu daushe, ya ɗauki wanda ido ke gani lafiyayye ya juya shi ya nuna ɗan ƙaramin ramin da sankara ta shiga, ya fasa su gani. Zai gaya musu yadda ake shimfiɗa ganyen fita a jera goro a yayyafa ruwa a ɗaure huhu, da yadda ake kwancewa a hanya a tsince wanda ya lalace kada ya ɓata sauran. Yaron da ya taɓa wannan da hannunsa ba zai sake jin labarin kamar da ba. Labarin da aka ji sau goma kuwa, a yi masa tambayar da ba a taɓa yi ba. In ya ce yunwar 83, a ce Baba me kuka ci ranar da babu komai, wa ya ba ku bashi? Ai a shekarar nan ce aka koro 'yan Ghana kusan miliyan daga Najeriya, fari ya zo, gobarar daji ta cinye gonaki, kuma a cikinta ne Kotoko ta doke Al Ahly ta Masar a nan Kumasi ta ɗauki kofin Afirka. Mutumin da ya ga an kori matarsa zuwa can, bayan shekara 13 ya ga an koro wasu zuwa nan, kina tsammani bai je tasha yana duba fuskokin masu saukowa ba? Ki tambaye shi.

Akwai kuma amfanin da yaran za su gani da idonsu nan gaba. Mu 'yan Zango mun san abin da ake yi mana a wurin neman fasfo ko katin ɗan ƙasa: ina ne garinku, a ina aka haifi kakanka? Tsarin mulkin 1992 ya rataya zama ɗan ƙasa ne a kan iyaye ko kakanni. Yaro ya tsaya yana inda-inda don ba wanda ya taɓa gaya masa ko kakan kakansa ta garin Salaga ya biyo bayan yaƙin 1892 ya watsa kasuwarta, ko kuwa sai da jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903 ya zo, ko kakarsa Bagwanjiya ce ko Badagomba. Baba ne kaɗai ya rage da zai faɗi wannan a gidanku. Abin takaici ne yadda samarinmu ke kwana a bakin titi suna shan ataya suna musun ƙwallon Ingila, ga mai tarihin gidansu a ɗaki shi kaɗai da rediyo.

Gajiyarki kuwa ba zunubi ba ce. Kina da kasuwa, kina da miji da yara. Ki raba kwanakin da matar Yaya da sauran 'yan'uwa, kuma ki taimaka masa ya koma cikin tsaransa. In ƙafa ta yi nauyi, a ɗauko masa abokinsa ɗaya ko biyu a keke mai ƙafa uku ranar Juma'a bayan an sauko, a dama musu fura. Hirar da zai yi da wanda suka ga abu tare, suna musu suna gyara wa juna, ke ba za ki iya ba shi ita ba.

Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki yi wa Baba alkawarin za a same ta. Ki ce za a nema, in Allah ya yarda. Mace ce da ta haura shekara 55 in tana raye. Wataƙila wani ne ya rene ta take ce masa Baba, wataƙila an gaya mata mahaifinta ya mutu, ko an ce ya yar da su. In an dace an gano gidan, ba waya za a ɗauka a ce mata ga babanki ba. Dattijon da aka aika zai fara ganin manyan gidan, su su san yadda za su gaya mata, kuma in ta ce tana son lokaci a ba ta.

Sunanta kuma, kada ki matsa masa ya furta. 'Yar fari ce, Bahaushen da ya kai shekarunsa yana iya kai ki har ƙofar gidan kakanta da kwatance amma ya kasa kiran sunan, sai dai ya ce "yarinyar" ko "mai sunan wance". Ki nema a wurin gwaggo, ko a cikin wasiƙun, ko ki miƙa masa takarda da alƙalami ya rubuta miki da ajami ki kai a karanta.